Wutar da Ba Ta Hayaƙi

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta faɗin sunana. Ina ƙarama "ke" nake a bakinta. Da na fara koyarwa a Gusau sai na koma "Malama", wata rana da gaske, wata rana da ba'a. A iya sanina sau ɗaya sunana ya taɓa fita daga bakinta, cikin wani dare na hunturun 2023, a ƙofar ɗakin jegon ƙanwata a Gwashi. Tukunyar gas ce sanadi, kuma ni na kawo ta gidan da kuɗina.

Ƙanwata ta zo wankan gida ne, haihuwarta ta fari. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san jego itace yake ci. Kwana arba'in ana dafa ruwa safe da yamma a babbar tukunya, a yi wa mai jego wanka da ganyen runhu ko na bedi, a dama kunun kanwa, ga ruwan jariri daban. Miji kan fara tara itace tun ciki na wata bakwai, a jibge a ƙofar gidan surukai, mata na wucewa suna auna shi da ido. Tsayin tarin shi ne mutuncinsa.

Mijin ƙanwata ya yi iya ƙoƙarinsa, amma abin da ya tara bai kai na mako biyu ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa. A ƙasar Bukkuyum da Anka da Gummi daji ya daina zama wurin da mutum zai shiga da gatari da safe ya fito da la'asar. Tun hare-haren da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022 mutane suka ƙara ja da baya daga gonakin nesa. Mai jakin da ya daɗe yana kawo mana itace ya sayar da jakin bayan an ɗauke abokin tafiyarsa. Abin da ya rage kusa da gari kara ne da kirare, waɗanda ba sa tafasa babbar tukunya sai an tsaya a kansu ana turawa. Gawayi ya yi tsada. Kananzir kuwa tun kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 ya fi ƙarfin aljihunmu, risho yana rataye ya yi ƙura.

Sai na ga ga inda zan yi abin kirki. Na sayi tukunya biyu a Gusau: babba mai kilo 12.5 da tiyo da regileta da murhu mai kai biyu, sai ƙarama mai kilo 6 wadda ake ɗaura wa kai a bisa. A lokacin kilo ɗaya ya kai wajen naira 1,000, cikon biyun ya taɓa albashina, amma ban ji zafi ba. Tun 2021 nake jin gwamnatin tarayya tana shelar shekaru goma na gas, ana cewa mata za su huta da hayaƙi, itatuwa su huta da gatari. Na hau mota ta Anka ina jin kamar ni aka aiko da shelar Gwashi.

Inna ta zagaya tukwanen sau biyu ba ta taɓa su ba.

"Malama, mi kik kawo muna?"

"Wuta ce, Inna. Ba hayaƙi, ba toka, ba hawaye."

"Wutad da ba ta hayaƙi," ta maimaita. "To ta ina za ni gane ta yi hushi?"

Na yi dariya, 'yan barka suka taya ni. Ita ba ta yi ba. Ta ce ta yarda a yi girki da shi, amma da sharaɗi: wannan abu ba zai kwana ɗaki ɗaya da ɗan adam ba. Aka ajiye babbar a rumfar tsakar gida, ƙaramar kuma kullum bayan isha'i sai ta sa a kai ta gindin katanga, can bayan turken awaki.

Na ɗauki abin ƙauyanci, ban tsaya na tuna inda tsoronta ya samo asali ba. Inna tana da dangi a wajen 'Yargalma, ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar dalma ta yi wa ɓarna a 2010, tare da Dareta da Abare da Bagega na ƙasar Anka. Maza na kawo duwatsun zinare gida, ana daka su ana niƙa su a tsakar gida, ƙurar na sauka a ƙasar da yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Ta je gaisuwa har ta daina ƙirga. Ta ga likitocin MSF, ta ga an kankare ƙasar tsakar gidaje an kwashe an zubo sabuwa. Abin da ya tsaya mata a rai, ta sha faɗa mana, shi ne ƙasar nan ba ta sake launi ba, ba ta yi wari ba. Tun daga nan duk abin da aka ce mata "ba ya komai" sai ta ƙara matsawa baya.

Makon farko gas ya ci gari. Ruwan da ake tashi tun asalatu a hura masa wuta, yanzu kafin a gama lazimi ya tafasa. Gindin tukunya fes. Idon autarmu, wadda ke zaman bakin murhu, ya daina ja. Matan maƙwabta suna shigowa barka, su tsaya kallon harshen wuta shuɗi, suna tambayar nawa ne. Ni kuwa ina ta zuba bayani kamar a aji.

Ƙarshen Disamba sanyi ya sauko da gaske, irin wanda ke tsaga leɓe da dunduniya. Inna ta ba mu labarin nata jegon: gadon ƙasa ne mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi, mai jego ta kwanta a bisa, ɗaki ya yi ɗumi har safe. Sai dai ɗakin nan na laka ne mai jinka, hayaƙi na sulalewa ta cikin ciyawa, ƙofa kuma asabari. Ɗakin da ƙanwata ke ciki sabon gini ne, ni da ƙanena muka haɗa kuɗi muka yi: bulo da siminti, rufin kwano da silin, ƙofar ƙarfe, taga mai gilashi. Muna alfahari da shi don ko ƙura ba ta shiga.

Ni ke kwana da mai jego. A daren jaririyar na da kwana goma sha tara. Na taɓa ƙafarta na ji sanyi ƙalau, uwar na rawar ɗari cikin bargo. Na ce a raina, ga wuta mai tsabta can bayan turke tana zaman banza. Na saɗaɗa na ɗauko ƙaramar tukunyar, na shigo da ita, na kunna, na ɗora babbar tukunyar ruwa, wai ɗaki ya yi ɗumi, a kuma tashi da ruwan wanka a shirye. Na sa sakata, na ja taga, har na cusa tsumma a ƙasan ƙofa inda iska ke busowa. Tukunyar ruwan ta fi kan gas ɗin faɗi nesa ba kusa ba, ta danne wutar. Na ga harshen ya koma rawaya yana lasar gefenta, na ce ƙura ce. Na kwanta da niyyar in ɗaki ya ɗau zafi in tashi in kashe.

Abin da na tuna bayan nan kaɗan ne. Na farka kaina kamar ana sara shi, zuciyata na tashi. Na san akwai abin da ya kamata in tashi in yi, amma na kasa tuna ko mene ne. Jikina ya yi nauyi, barcin kuma da daɗi. Na ji ƙanwata ta ce, "Yaya, kaina," ta yi shiru. Na ce mata ta yi barci, gajiya ce.

Inna ba wari ta ji ba, don babu wari. Shiru ne ya tashe ta. Kullum tsakanin ƙarfe biyu da uku jikarta kan tsala kuka, a daren ba ta ji ba. Ta fito da tocila, ta haska bayan turke, ta ga wurin tukunya wayam. Ta bugi ƙofa ba a amsa ba. Nan ne ta kira sunana, sau uku, da muryar da ban san tana da ita ba. Jin sunan a bakinta ne ya keta nauyin da ke kaina. Na rarrafa na zare sakata.

Ba ta ce min komai ba. Ta sunkuci jaririyar ta miƙa wa autarmu a waje, ta dawo ta janyo ƙanwata, ta murɗe kan gas ɗin ta kashe, ita da ba ta taɓa sa masa hannu ba. Ashe duk kwanakin nan tana kallon hannuna. Muka zube a tsakar gida cikin sanyin da nake gudu. Na yi amai. Jaririyar ta yi lamo a ƙirjin Inna, can ta motsa, ta tsala kuka. Duk gidan babu wanda ya yi yunƙurin rarrashinta.

Ba a bin hanya da dare a wajenmu yanzu, ko da marar lafiya. Muka zauna a waje har gari ya waye, sannan aka sami mota zuwa asibiti a Gummi, aka sa wa jaririyar da uwarta iskar oksijin. Wanda ya duba mu ya saurari labarin har ƙarshe, ya tambaye ni aikina. Na ce ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Bai ce komai ba, ya ci gaba da rubutu.

Da hannuna na sha rubuta wannan darasi a allo. Kowace wuta, ta itace ko gawayi ko gas, oksijin ɗin da ke cikin iska take ci. In ta samu isasshe sai ta ƙone sarai, a gas kuma alamar haka harshe shuɗi ne tsayayye. In iska ta yi ƙaranci, ko aka danne wutar da tukunya mai faɗi, ko ramukan kan suka toshe, sai ƙonewar ta zama rabi da rabi, harshen ya koma rawaya, ya riƙa fitar da gubar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Jini kuma ya fi kama ta a kan oksijin fiye da sau 200, sai ta tare wurin ta zauna. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, daga nan barci. Jarirai da masu ciki da tsofaffi ta fi saurin kayarwa. Ita ce dai ke kashe iyalin da suka kwana da janareta a cikin gida, ko da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Na san duk wannan, har maki na sha bayarwa a kansa. Amma da ya zo min a ɗakin ƙanwata, ga ƙafar jaririya da sanyi, ban gane shi ba. A can cikin raina hayaƙi shi ne haɗari, tunda babu hayaƙi na ɗauka babu komai.

Ko a ƙasashen sanyi inda ake ɗumama gida da gas, na'urar tasu tana da bututun da ke fitar da iskar ƙuna waje, suna kuma liƙa ƙararrawa a bango mai yin ihu in gubar ta taru. A Ingila doka ta tilasta wa mai gidan haya ya kawo ƙwararre ya duba kayan gas duk shekara. Gadon ƙasar su Inna ma, duk da nasa illolin, yana da mafitarsa, wato jinka. Ni ce na ɗauko tsohuwar ɗabi'a na haɗa da sabuwar wuta a sabon ɗaki, na kuma toshe ƙofa da tsumma.

Na yi zaton in mun dawo zan tarar Inna ta sa an fitar da tukwanen daga gidan. Har na shirya komawa da su Gusau. Sai na same ta zaune a rumfa, ta sa su gaba.

"Ba inda za su," ta ce. "Icce babu, jego da saura. Zamna ki gaya min halinshi duka, kamar yadda kika gaya ma ɗiyan mutane."

Ban san halinsa duka ba. Sai da na koma Gummi wurin wani dattijo mai ɗura gas, na zauna a benci ina tambaya kamar 'yar aji ɗaya, na zo na haɗa da abin da na karanta. Kwana uku muna darasi a rumfa, ni da Inna da autarmu.

Abin da ke cikin tukunya ruwa ne da aka matse, in ya fito ya zama iska sai ya kumbura wajen sau 250. Shi ya sa ba a cika ta maƙil, ana barin sarari kusan kashi ɗaya cikin biyar saboda zafi, ba a kuma barin ta a rana ko kusa da murhun itace. A tsaye take zama, ba a kwantar da ita, ba a gasa gindinta don ta kusa ƙarewa. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ba sama yake yi kamar hayaƙi ba, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya kwanta a lungu da ƙarƙashin gado, daidai inda yaro ke barci da inda ake ajiye fitila. In an ji warinsa ba a ƙyasta ashana, ba a taɓa makunnin lantarki ko na sola. A rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da mutane. Wajen kunnawa ashana ake fara ƙyastawa sannan a buɗe, ba a buɗe a tafi neman ashana ba. Akwai shekarar ƙira a jikin tukunya, hukumar SON ta sa mata wa'adin shekara 15, wadda kuma gindinta ya ci tsatsa ko ta lotsa ba a sayen ta ko da araha ce.

Da na zo kan wari sai ta tsayar da ni. Na ce mata gas ɗin kansa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ta ce wa ya yi wannan dabara? Na ba ta labarin makarantar garin New London a jihar Texas ta Amurka, inda gas marar wari ya taru a ƙarƙashin gini a watan Maris na 1937, ya tashi da ɗalibai da malamai kusan 300, bayan nan aka yi dokar sa masa wari. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ɗoyin ga da ɗiyan mutane aka saye shi." Sannan ta tambaya: ita waccan gubar ta daren nan fa, wa zai sa mata wari? Na ce babu. Sai dai launin wuta, da ciwon kan da ya kama mutum biyu lokaci guda a ɗaki ɗaya. Maganinta kuma buɗaɗɗen wuri.

"To," ta ce, "ashe tana hushi. A launi taka nunawa."

Daga ranar gas ya koma hannun Inna. Duk Juma'a da hantsi takan kaɗa omo a kwano har ya yi kumfa, ta shafa da soso a bakin tukunya, da wuyan regileta, da tiyo daga farko har ƙarshe, ta tsuguna tana kallo. Inda kumfa ya riƙa kumbura, nan ke yoyo. Da haka ta kama tiyon da ɓera ya ɗanɗana, ta kuma gano 'yar baƙar robar bakin tukunya ta tsage bayan wani ciko. Kan murhun, in ya huce, takan cire shi ta goge da tsohon buroshi, ta bi ramukan da allura, don ƙurar hunturu da kunun da ya tafaso ya zube su ke toshe su. Babbar tukunyar wanka ta hana a ɗora ta kai tsaye, ta sa maƙeri ya yi mata mazaunin ƙarfe mai ƙafa uku, yadda wuta za ta sha iska. Da dare daga jikin tukunya take fara rufewa, ta bar abin da ke cikin tiyo ya cinye wutar ta mutu da kanta, sannan ta murɗe murhu. Ta ce ai dama malamai sun faɗa an hana a kwanta a bar wuta, ba a kuma ce ban da shuɗiya ba.

Sanyin ɗakin jego kuwa an yi maganinsa da abin da ya kamata tun farko: ƙarin bargo, hula da safa, jaririya a jikin uwarta, taga kuma a ɗan sassauta. Aka yi arba'in lafiya.

Ba zan ce gas ya raba Gwashi da wahalar girki ba. In ya ƙare sai an sami mai zuwa inda ake ɗurawa, hanyar ba kullum ake bin ta ba, kuɗin ma ba kullum ake da shi ba. Sau da yawa tukunyar kan yi mako babu komai a ciki, Inna ta koma kan kara tana share ido da bakin zane. Gidajen da suka saya bayan sun gani a wurinmu ma haka suke, yau gas gobe kara. Amma duk wadda ta saya a unguwar, wurin Inna take fara zuwa da tukunyarta. Ta zaunar da ita a rumfa, ta kaɗa kumfa, ta nuna mata shuɗi da rawaya. Labarin daren ma takan bayar, sai dai takan ce "wata malama", kamar akwai wanda bai san wace ce ba.

Ba mu taɓa yin zancen sunan ba, ni da ita. Tun a motar asibiti ta koma "Malama" kamar ba a yi ba. Yarinyar yanzu tana guje-guje a tsakar gida, ta kuma san iyakar da kakarta ta ja mata da toka a bakin rumfa. Ni ma a gidana na Gusau akwai kwanon kumfa ranar Juma'a. In sanyi ya sauko, ranar da aka samu sabis, wayata kan yi ƙara bayan isha'i. Ba ta doguwar gaisuwa.

"Malama, kin ruhe tukunya?"

"Na rufe, Inna."

"Taga hwa?"

Sai in ce ta bari in duba, in tashi in je, ko da na san a buɗe take.